Tatsuniyar da Gwamna Ya Sa wa Sunaye

Wani mai suna Gwamna ya shekara huɗu yana gyaran injinan sanyi a wani sito da ke Jebel Ali a Dubai, inda ake jibge kaji da kifi da kayan lambu kafin a raba su ga manyan kantuna. Mutumin Kafanchan ne. Kafin ya zo Dubai shi yake rubuta wa matasan cocinsu wasan kwaikwayon Kirsimeti, kuma abin bai sake shi ba. Duk abin da ya gani sai ya ji yana so ya mayar da shi labari. A siton kaf mutum ɗaya ne ke jin Hausa bayan shi, wato Sharfuddeen, Bazazzage, jami'in kiyaye haɗurra, wanda shi ne ma ya yi masa hanyar aikin.

Amma ba da Sharfuddeen yake cin abincin rana ba. Da Nimal yake ci, wani dattijo ɗan Sri Lanka mai tuƙa injin ɗaga kaya, wanda ya kusa shekara sittin kuma ya fi kowa daɗewa a wurin. In an tashi hutun rana sai su zauna a bayan sito, inuwar wata tsohuwar kwantena, Nimal ya buɗe shinkafarsa mai barkono, Gwamna ya buɗe tasa. Da guntun Turanci da ɗan Larabcin kasuwa suke hira. Nimal kan kira shi malli, wato ƙane a yarensu.

Nimal mabiyin addinin Buddha ne, kuma kansa cike yake da labaran da kakarsa ta ba shi. A cewarsu, kafin haihuwarsa ta ƙarshe an haifi Buddha sau ɗaruruwa: wani zubin barewa, wani zubin biri ko giwa, wani zubin kafinta ko ɗan sarki. Kowace haihuwa da labarinta. Gwamna bai taɓa yarda da zancen a mutu a dawo ba, kuma ya sha faɗa wa dattijon haka ƙarara. Nimal sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba wa'azi ya zo yi ba, shinkafa ya zo ci.

Abin da ya kama Gwamna shi ne yadda labaran suke ƙarewa. Bayan an gama da dabbobi da abin da ya same su, sai mai ba da labarin ya dubi mutanen da ke zaune gabansa ya ce: wancan azzalumin na wancan zamani, wane ne da ke nan, waccan uwar, wance ce, barewar kuwa ni ne. A gida tatsuniya kan ƙare kowa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, gizo ya tafi da laifinsa. A nan kuwa sai a ɗauko laifin a ajiye shi a cinyar wanda ke zaune kusa da kai. Gwamna ya daɗe yana juya wannan a ransa. Har ya rubuta a bayan wata takardar aiki cewa wata rana zai gwada irinsa da Hausa.

A watan Yuli na 2019 ya hau gyaran wata fanka a layi na bakwai, sai ya ga ƙafar ɗaya daga cikin dogayen kantocin ƙarfe ta lanƙwashe daga ƙasa. Kanta ce mai hawa biyar, an ɗora mata daskararrun kaji har sama. Da ya sauko ya tari Sharfuddeen a hanya ya faɗa masa.

"Na gani," in ji Sharfuddeen, yana duba wayarsa. "Shwaiya shwaiya, a bi a sannu, ɗan'uwa. Kaya sun yi yawa wannan satin, ba inda za a sauke su."

Kwana tara bayan haka kantar ta rufto. Nimal yana ƙarƙashinta da injinsa. Rufin injin ya kare kansa, amma ƙarfe ya danne masa ƙafar dama ya murƙushe ta daga idon sawu zuwa ƙwauri. Gwamna yana cikin waɗanda suka ɗaga ƙarfen. Ya ga kalar da fuskar dattijon ta koma, kuma ya ji yana kiran sunan wata mace da daga baya ya gane 'yarsa ce.

Washegari aka zagaya da takarda, duk wanda ya san wani abu game da haɗarin ya rubuta. Bizar Gwamna saura wata huɗu ta ƙare, kuma manajan sito ne zai sa hannu a sabunta ta. Ya riƙe takardar na ɗan lokaci. Ya ce wa kansa ai ya riga ya faɗa wa wanda ya dace, aikin Sharfuddeen ne ya rubuta. Ya miƙa wa na kusa da shi.

Ranar Alhamis rahoton ya fito, aka manna shi a allon sanarwa. An rubuta cewa direban ne ya yi baya da gudu ya daki ƙafar kantar, kuma kafin wannan rana ba a taɓa ganin wata illa a jikinta ba. A ƙasa ga sa hannun Sharfuddeen. Ma'anar wannan kowa ya san ta: za a ɗaure wa Nimal ƙafa, a soke kwantiraginsa, a sa shi jirgi, babu maganar diyya.

Gwamna ya karanta sau biyu. Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi duk da sanyin da ke fitowa daga ƙofar sito. Ya nufi ofishin Sharfuddeen, ya tarar a kulle. Ya kira shi sau huɗu, ba a ɗauka ba.

Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, ya je coci amma bai ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Yana dawowa ɗakin da suke haya su huɗu a unguwar Al Nahda, ko takalmi bai cire ba ya zauna bakin gado ya fara rubutu a waya. Ya rubuta labarin wani tsohon raƙumi mai dakon gishiri daga Bilma, wanda ya shekara ashirin bai taɓa zubar da kaya ba. Madugu ya naɗa hankaka ya riƙa shawagi bisa ayari yana duba igiyoyi, ladansa dabino uku a wuni. Hankaka ya ga igiyar sirdin tsohon ta cinye saura zare, ya yi shiru, don in ya faɗa za a tsaya gyara, madugu kuwa sauri yake. A kan wani tudu igiya ta tsinke, gishiri ya zame ya karya wa raƙumi ƙafa. Da madugu ya tambaya, hankaka ya ce da idonsa ya ga tsohon yana gyangyaɗi. Aka bar raƙumi a sahara, aka ƙara wa hankaka dabino ɗaya.

Rubutun ya zo masa da sauƙin da bai taɓa gani ba. Da ya kai ƙarshe ya ƙara layi uku. Raƙumin nan shi ne Nimal, direba a sitonmu. Madugu shi ne manajanmu. Hankakan kuwa, ɗan'uwanmu Sharfuddeen ne.

Ya tura shi zauren WhatsApp na 'yan arewa mazauna Dubai, mai mutum sama da ɗari biyu, inda aka saba sanar da suna da rasuwa da ɗakin haya.

Kafin la'asar zauren ya kama da wuta. Wasu suka ce cin mutunci ne. Wasu suka ce in ƙarya ne Sharfuddeen ya fito ya ƙaryata. Wata Wasila, malamar jinya, ta rubuta cewa ita dai ta karanta har ƙarshe ba ta ajiye waya ba. Wani ya sa hoton hankaka. Gwamna yana zaune yana karantawa, yana jin wani daɗi mai ɗaci. Can sai ga kiran Alhaji Ɗalhatu, dattijon zauren, mai harkar kago, wato aika kaya gida, a unguwar Naif, ya ce yana son ganinsa gobe da hantsi.

Ofishin Alhaji yana bene na biyu, saman wani shagon takalma. Sai da Gwamna ya tsallake dilolin jakunkuna masu jiran jirgin Kano kafin ya samu wurin zama. Sharfuddeen ya riga shi zuwa, yana zaune ya haɗe rai, shayinsa ya huce a gabansa.

"Gwamna," in ji Alhaji bayan gaisuwa, "mu nan baƙi ne. In muka fara yagar junanmu a bainar jama'a, wa zai tattara mu? Abin da nake so, ka goge rubutun nan, ka ba ɗan'uwanka haƙuri, khalas, magana ta ƙare."

"Alhaji, da girmanka. A tambaye shi ko akwai ƙarya a ciki."

Sharfuddeen ya ɗago. "Matata ta karanta. An tura wa surukina a Zariya. Jiya a masallaci wani ya tambaye ni ina dabinona. Ni Musulmi ne, ka zauna ka rubuta wai an taɓa haihuwata a matsayin tsuntsu. Daga ina ka kwaso wannan?"

"Ni ma ban yarda an taɓa haifar kowa tsuntsu ba, kuma ka sani. Ba haihuwar ce ta dame ka ba, Malam Sharfu. Sunan ne."

"Ni na kawo ka ƙasar nan."

"Ka kawo ni, na gode. Shi ya sa za ka karya tsoho sau biyu in yi shiru?"

"Ka san abin da aka ce mini a ofishin manaja? Ka san 'ya'ya nawa nake da su a makaranta a Sharjah?"

"Shi ma yana da 'ya. Na ji yana kiran sunanta a ƙarƙashin ƙarfe."

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce a yi a hankali, maƙwabta na ji. Ya ce shi bai san abin da ya faru a sito ba, kuma ba alƙali ba ne, amma kama suna a gaban mutum ɗari biyu ba tarbiyya ba ce. Gwamna ya miƙe. Ya ce ba zai goge ba, in Alhaji ya ga dama ya cire shi daga zauren. Yana sauka daga bene ya yi karo da wani mai tura amalanken kwalaye, mutumin ya zage shi da yaren da bai sani ba.

Daga nan jirgin ƙasa ya hau har ƙarshen layi, ya ƙarasa da bas zuwa masaukin ma'aikata. An sallamo Nimal daga asibiti kwana biyu da suka wuce. Ya same shi kwance a gadon ƙasa, ƙafar a ɗage bisa matashi biyu, ƙarafan ɗori na asibiti sun huda ta sun fito ta gefe. Ɗakin na warin man zafi da busasshen kifi. Dattijon ya rame, gemu ya fito masa fari fat.

Gwamna ya zauna ƙasa ya ce ya kawo masa tsaraba. Ya fito da waya ya shiga fassara masa labarin, layi bayan layi, yana kwaikwayon muryar hankaka. Ya gaya masa mutum nawa suka karanta, da yadda aka tsokani Sharfuddeen a masallaci. Da ya zo kan sunayen sai ya sassauta murya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi Nimal yana jiran ya yi dariya.

Nimal bai yi dariya ba. Ya dubi katakon gadon sama.

"Ayarin nan," ya ce, "raƙumi ɗaya ne a cikinsa?"

"A'a, da yawa."

"Wanda ke bayan tsohon, bai ga igiyar ba?"

Gwamna ya kife wayar a cinyarsa.

"Malli, kai ka faɗa mini ƙafar kantar ta lanƙwashe. Muna cin abinci ka faɗa mini, ka ce in yi hankali da layi na bakwai. Da aka kawo takarda me ka rubuta?"

"Na faɗa wa Sharfuddeen tun kafin…"

"Me ka rubuta?"

"Ban rubuta komai ba."

Nimal ya yunƙura zai tashi zaune, zafi ya mayar da shi. Da ya sake magana muryarsa na karkarwa, kuma Gwamna bai taɓa jin sa haka ba.

"Labaran nan kakata ta ba ni su a ɗakin ibada, da fitila a gabanmu. Na ba ka su don kana saurare, na ɗauka ka ji. A cikinsu mai ba da labari ba ya tashi sai ya faɗi wane ne shi. Kai ka raba wa kowa suna, ka tsaya a gefe da hannunka a aljihu. Ka ɗauki abin kakata ka yi bulala da shi, mutum ɗari biyu sun tafa maka. To ni me zan yi da tafi? Mutum ɗari biyun nan akwai wanda zai je ofishin inshora? Yaren da ka rubuta ma ba mai jin sa a can. Ni shaida nake nema. Layi biyu da Turanci, da sunanka a ƙasa."

"Baba Nimal, bizata…"

"Na sani. Shi ma abokin naka abin da zai ce ke nan. Tafi, ina so in kwanta."

Gwamna ya fito. Rana ta take, iskar waje kamar bakin tanda, amma ya wuce tashar bas bai tsaya ba. Haushi ya cika shi. Ya ji haushin dattijon da bai gode ba. Ya ce a ransa, ni da na saka wuyana saboda kai. Ya yi tafiyar minti ashirin a gefen titi, tireloli na wuce shi, yana ta shirya amsoshin da ya kamata ya bayar. Ko wacce ya shirya, in ya kai ƙarshenta sai ya ga hannunsa yana miƙa takardar nan ga na kusa da shi. Daga ƙarshe ya tsaya a inuwar wata gada, rigarsa sharkaf, ya rasa wanda zai zaga.

Ranar Lahadi, farkon mako, ya isa sito kafin kowa. Ya zauna a ɗakin kayan gyara ya rubuta da Turanci: ranar da ya ga ƙafar, fankar da ya hau gyarawa, lambar takardar aikin da ke nuna yana layi na bakwai a ranar, wanda ya faɗa wa, da abin da aka amsa masa. Ya rubuta cewa an kawo takardar shaida ya ƙi cikawa don tsoro. Wannan rubutun bai zo da sauƙi ba. Sau uku yana yagewa, duk da bai kai rabin shafi ba. Ya yi kwafi uku, ya kai ɗaya ofishin manaja, ya aika ɗaya ga kamfanin inshora, ya ba Nimal na ukun ta hannun wani ɗan ƙasarsu.

Manaja ya karanta a tsaye. Ya tambaye shi ko ya san abin da yake yi. Gwamna ya ce ya sani. Manaja ya ce to yalla, maza ya koma bakin aikinsa.

Bayan sati biyu mai binciken inshora ya zo, ya nemi a buɗe masa wasiƙun ofis. A ciki aka tarar da saƙon da Sharfuddeen ya aika wa manaja kwana biyu bayan maganarsu da Gwamna, yana cewa ƙafar kanta a layi na bakwai ta lanƙwashe, a sauke kayan da gaggawa. Manaja bai amsa ba. Wasu a sito suka ce wannan ya wanke Sharfuddeen. Gwamna kuwa sai abin ya ƙara tunzura shi. Ashe mutumin ya gani, ya rubuta da hannunsa, sannan ya zauna ya sa hannu a kan cewa ba a taɓa ganin komai ba.

Aka gyara rahoton. Inshora ta ɗauki nauyin aiki na biyu da aka yi wa ƙafar, aka kuma ba Nimal haƙƙinsa. A watan Oktoba ya koma garinsu da sanda, idon sawun ba ya lanƙwasuwa. Kafin ya tafi ya aiko a kira Gwamna, suka ci shinkafa tare a bakin gadon, ba wanda ya ta da zancen. Manajan an mayar da shi wani reshe. Sharfuddeen ya samu takardar gargaɗi ya ci gaba da aikinsa. Gwamna kuwa, da Nuwamba ta zo aka ce masa kamfani na rage ma'aikata, ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Ya yi wata biyu yana yawo da takardunsa kafin ya samu wata masana'antar ƙanƙara a Sharjah, aikin ya fi wahala, albashin bai kai na da ba.

Bai daina rubutu ba, amma ya rage sauri. Ya fara wasu labaran dabbobi guda uku a kan wannan salo, biyu ya bar su a rabi, don duk sanda ya zo rabon sunaye sai ya ga wurin da ya dace da shi ba wurin da yake so ba ne. Na raƙumin yana nan a zauren. Alhaji bai cire Gwamna ba, shi kuma bai goge ba.

A watan Fabrairu aka yi sunan jikar Alhaji Ɗalhatu a Al Nahda. Falon ya cika, aka shimfiɗa ledar cin abinci har bakin ƙofa. Ko da gangan ko ba da gangan ba, Alhaji ya zaunar da Gwamna a faranti ɗaya da Sharfuddeen. Suka ci shinkafa da naman rago, kowa na kallon gabansa. Sharfuddeen ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara masa a gefen kai. Da aka kusa cinyewa ya tura wa Gwamna tsokar da ta rage, ya yi gyaran murya.

"Yaya ƙafar tsohon?" ya tambaya a hankali.

Gwamna ya dube shi. Ya ji abin ya taso masa sabo, kamar jiya aka manna rahoton a allo.

"Lambarsa tana cikin fayil ɗinka, Malam Sharfu. Kira shi ka tambaya."

Ya tashi ya wanke hannu, ya yi wa Alhaji barka da Allah ya raya, ya nemi takalmansa a cikin tulin da ke bakin ƙofa. Bas ɗin Sharjah na ƙarfe huɗu yake so ya samu.